Kujerar Ilimi a Kasuwar Gwanjo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar bisashe ana jajibirin layya ya san ma'anar tayi. Rago ɗaya, masu so goma, dillali na tsakiya. Wannan ya taya a ce masa albarka, wancan ya ƙara, har a sallama wa wanda aljihunsa ya fi nauyi. Ba mai ganin aibun haka, domin kasuwa gadonta ke nan. Abin da zai ba ɗan kasuwar Maraɗi mamaki shi ne a gaya masa cewa akwai manyan jami'o'i a Amurka da Singafo inda da irin wannan tayi ne ɗalibi ke samun kujera a aji. Ba kujerar shiga jami'a ake nufi ba, wannan ya riga ya same ta, ya biya kuɗɗin makaranta cif. Kujerar darasi ɗaya ake nufi, gaban malami ɗaya, a zangon karatu ɗaya.

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. A tsarin waɗannan jami'o'i ba a ɗaure ɗalibi da darussa iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Akwai na dole, akwai kuma masu yawa da shi ke zaɓa. To, malamai ba su zama ɗaya ba. Wani ya yi suna, wani darasinsa ne kamfanoni ke dubawa kamin su ɗauki ma'aikaci, wani kuwa albarkacinsa kawai shi ne ba ya koyarwa da sassafe ko ranar Juma'a. Ɗakin karatu na cin mutum sittin, masu so sun kai ɗari uku. Dole a hana ɗari biyu da arba'in. Tambayar ita ce: su wa za a hana, kuma da wace hujja?

Makarantar Wharton ta jami'ar Pensilvaniya a birnin Filadelfiya, wadda aka kafa tun 1881 don koyar da sha'anin kasuwanci, ta ba da amsa irin ta ƴan kasuwa tun tsakiyar shekarun 1990. Ana raba wa kowane ɗalibi maki, wato kuɗɗin wasa da ba su sayen ko ƙwayar goro a waje, sai kujerar aji kaɗai. Ɗalibi ya raba makinsa bisa darussan da yake so, ya taya kowane da abin da ya ga dama. In an rufe tayi, sai a jera masu tayin daga babba zuwa ƙarami, a ƙirga iya adadin kujeru, a ja layi. Na sama sun shiga, na ƙasa sai haƙuri. Makarantar Booth ta jami'ar Shikago da wasu takwarorinta sun daɗe bisa wannan turba. Jami'ar ƙasa ta Singafo ma ta kafa nata tsarin mai suna CORS a 2003, inda duk waɗanda suka yi nasara ke biyan farashi ɗaya, wato tayin mutum na ƙarshe da ya shiga, a mayar musu da rarar. Darasin da kujerunsa suka fi masu nema yawa kuwa maki ɗaya tak ake biya.

Kamin a yi gaggawar yin tir da abin, ya kamata a ba shi haƙƙinsa, domin waɗanda suka ƙago shi ba wawaye ba ne. A duba sauran hanyoyin da ake da su. Ana iya cewa wanda ya riga zuwa shi ya samu. A zamanin takarda ma'anarsa kwana a bakin buro, a zamanin intanet kuma ma'anarsa wanda kwamfutarsa ta fi sauri da wanda wutar gidansu ba ta ɗauke ba. Ana iya jefa ƙuri'a, wadda ba ta san bambanci tsakanin wanda rayuwarsa ta rataya ga darasin nan da wanda ya rubuta sunansa don abokinsa ya rubuta ba. Sai hanya ta uku, wadda ba a rubuta ta a kowace doka amma ta fi kowace daɗewa: alfarma. Ma'aikatan ƙasar nan sun ba ta suna tun tuni da baƙaƙe uku na faransanci, PAC, wato dangi da abokai da sanayya, kuma kada wani ya ɗauka Turawa ba su san ta ba. Tayi ya fi waɗannan uku da abu biyu. Na farko, kowa da jari ɗaya yake farawa, ɗan attajiri da ɗan leburan tasha. Na biyu, yana ba mutum damar nuna zafin bukatarsa: wanda ya ƙwallafa rai ga darasi ɗaya yana iya zuba masa dukan abin da ya mallaka, ya haƙura da sauran. Ƙuri'a ba ta iya wannan, layi ma ba ya iyawa.

A takarda ke nan. A aikace kuwa, abin da ya faru a Wharton ya isa wa'azi.

Tsarin can bai tsaya ga tayi sau ɗaya ba. Akwai zagaye da yawa, kuma a zagayen baya ɗalibi na iya sayar wa ɗan'uwansa kujerar da ya saya. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya riga ya hango ƙarshen labarin. Ƴan baranda suka bayyana. Ɗalibi ya sayi kujera a darasin da ba shi da niyyar shiga ko sau ɗaya, don kawai ya san za ta yi tsada. Ya riƙe ta kamar mai ɓoye gero da kaka yana jiran bazara, in farashi ya hau ya sake ta, ya tara maki. Wasu suka zama attajiran kuɗɗin wasa, suna sayen duk abin da ransu ke so. Wasu, waɗanda suka zo karatu ba ciniki ba, suka ƙare da darussan da kowa ya guda. An ce makarantar koyon kasuwanci ce, saboda haka wai wannan ma karatu ne. Hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta da nauyi: uban da ya biya dubban daloli don ɗansa ya koyi lissafin kuɗɗi wajen gwani bai biya don a koya masa yadda ake cin bashin wayo ga abokan zama ba.

Ko da an hana sayarwa, akwai wata ɓaraka da ta fi wannan zurfi, kuma ɗan kasuwa zai fi malamin jami'a saurin gane ta. Mai tayin rago da kuɗɗin gaske, in an fi shi tayi, bai yi asara ba: jikkunansa na aljihu, ya sayi shinkafa, ya ɗinka wa iyali kayan salla. Wannan ne ke sa mutum ya taya daidai ƙimar da abin ke da ita a wurinsa, ba ƙari ba ragi. Kuɗɗin wasa ba haka suke ba. Wanda ya rasa kujera aka mayar masa da makinsa, an mayar masa da abin da ba ya ciwuwa, ba ya shawuwa, kuma ranar da ya karɓi takardar ƙare karatu ya zama toka. Don haka ɗalibi ba ya tambayar kansa nawa darasin nan ya kai a wurina. Tambayarsa ita ce nawa sauran za su taya. Cinikin biri a sama ke nan. A ɗauki misali: yarinya na da maki dubu, tana son darussa huɗu. Ta raba ɗari biyu da hamsin ga kowane. Aka ja layi, kowane darasi ya tsaya a ɗari uku. Ta tashi hannu rabbana, ba ko ɗaya, alhali da ta zuba ɗari uku da talatin ga uku daga ciki da ta samu ukun. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta yi lalaci ba. Hasashe kawai ta kuskure. Eric Budish, masanin tattalin arziki a jami'ar Shikago, ya duba alƙaluman makarantarsu ta Booth ya tarar da abin nan ba tatsuniya ba ne: akwai ɗalibai da ke fitowa daga babban zagayen tayi ba su da darasi ko ɗaya, akwai kuma masu ƙare makaranta da tulin makin da ba su taɓa kashewa ba.

Wasu masana biyu, Tayfun Sönmez da Utku Ünver, sun nuna a 2010 inda gizo ke saƙar. Ana ɗora wa tayi kaya biyu a lokaci guda: shi ne ke faɗin wa ya fi cancanta da kujera, shi ne kuma makaranta ke ɗauka a matsayin shaidar abin da ɗalibi ya fi so. Biyun nan ba su tafiya tare. Ɗalibi mai hankali zai taya darasin da ya fi so da maki kaɗan in ya san ba a rububinsa, ya zuba mai yawa ga wanda bai kai shi ba a ransa amma ana turereniya a kansa. In biyun suka faɗo sa'a ɗaya, kwamfuta ta ba shi wanda ya fi tayawa, ta hana shi wanda ya fi so, tana zaton ta yi masa alheri.

Daɗin daɗawa, daidaiton jarin da ake taƙama da shi na ranar farko ne kawai. Inda ake barin maki su taru daga zango zuwa zango, tsohon ɗalibi ya fi sabo ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan ma da sauƙi, tun da kowane sabo zai tsufa. Wanda ya fi ciwo shi ne bambancin sani. Wanda yayansa ya bi ta makarantar, ko yake cikin ƙungiyar da ke adana farashin shekarun baya, ya san inda layi ya saba tsayawa, ya san zagayen da ake yin arha. Baƙon da ya sauka daga jirgi makon jiya, daga Yamai ko Dakar ko wani ƙauyen Indiya, bai san ko ɗaya ba, kuma kamin ya koya an riga an raba naman. Ashe alfarmar da aka kora ta ƙofa ta zagayo ta taga, sai dai yanzu sunanta dabara.

Wharton da kanta ta gaji. Bayan gwaji da ɗalibanta a 2011, ta rushe gwanjon a 2013 ta kafa sabon tsari mai suna Course Match, wanda aka gina bisa nazarin Budish tare da Gérard Cachon da Judd Kessler da Abraham Othman, don ɗalibai wajen 1,700 da darussa wajen 350. A nan ɗalibi ba ya tayi. Abin da ake bukata gare shi kawai ya faɗi gaskiyar yadda yake son kowane darasi, ya ba shi daraja har zuwa 100. Kwamfuta ce ke zama dillalin kowa da kowa: ta ba kowa jari kusan ɗaya, ta yi ta gwada farashi har ta sami wanda kujeru za su ƙare daidai da bukata, sa'an nan ta saya wa kowane ɗalibi jadawalin da ya fi masa cikin abin da jarinsa ke iyawa. Ba sayarwa, ba ɓoyo, ba ajiyar maki don baɗi. Alkawarin tsarin shi ne, tsakanin ɗalibai masu matsayi ɗaya, in wani ya yi ƙyashin jadawalin wani, to ƙyashin ba zai wuce na darasi guda ba. Jami'ar ƙasa ta Singafo ma ta yi bankwana da CORS a 2019, ta koma ga jera zaɓi da ba da fifiko ga wanda darasin ya zame wa dole. Wata jami'ar a Singafo ɗin, SMU, ta riƙe nata tayin da kuɗɗin wasanta. Makarantar kasuwanci ta Harvard kuwa ta bi hanyar rabon bi da bi, kowa ya ɗauki ɗaya, a juyo daga ƙarshe a sake. Budish da Estelle Cantillon sun nuna a 2012 cewa a can ma ɗalibai na karkata jerin zaɓinsu don dabara, amma duk da haka ya fi a bar mutum ɗaya ya kwashe rabonsa gaba ɗaya kamin na bayansa ya taɓa.

Sabon tsarin na Wharton ya fi tsohon, wannan ba gardama. Amma yana da nasa farashi da masu yabonsa ba su cika faɗi ba. Gwanjo, duk da muninsa, ɗalibi na gane shi: an taya ɗari uku, shi ya taya ɗari biyu, ya san abin da ya kayar da shi. Dillalin da ke cikin kwamfuta ba ya bayani. Ana amincewa da shi ne don an amince da waɗanda suka rubuta shi, kuma an buga lissafin a fili duk masani na iya bincikawa. A wurin da amana tsakanin ɗalibai da magabatan jami'a ta yi ƙaranci, injin da ba a ganin cikinsa ba zai kashe zargi ba, sai ma ya ba shi sabon wurin kwana.

Sai batun jerin masu jira, wanda ba a cika rubuta littattafai a kansa ba alhali nan ne ɗalibi ya fi shan wuya. Bayan an ja layi, waɗanda ke ƙasansa ba a sallame su ba, an ce su dakata ko wani zai janye. Karatu ya fara. Mai jira na shiga aji yana zama a gefe, yana rubutu, yana yin aikin gida na darasin da bai san ko nasa ba ne, yana kuma riƙe da kujera a wani darasin da ba ya so don kada ya tashi a tutar babu. Kujerar nan da ya riƙe, wani na can yana jiranta, shi ma riƙe da ta wani. Haka igiyar ke sarƙewa har ranar ƙarshe ta janyewa, inda kowa ke sakin abin da ya riƙe a lokaci ɗaya, bayan an yi makonni biyu ana karatu. A nan ne kuma sa hannun malami ke aiki: wanda ya iya rubuta wasiƙa mai daɗi, ko ya san hanyar buron malam, sai a ga ya tsallake mutum goma.

Faransa ta ɗanɗana wannan a ma'auni mafi girma, ba wajen zaɓen darasi ba, wajen shiga jami'a ɗungurungum. A 2017, ƙarƙashin tsohon tsarin APB, da ƙuri'a aka raba gurabe a fannonin da suka cika, musamman na wasannin motsa jiki, kuma yaran da suka ci bak da yabo suka rasa wuri. Kukan da aka yi ne ya haifi dokar 8 ga Maris 2018 da tsarin Parcoursup, a zamanin minista Frédérique Vidal. Aka kashe ƙuri'a, aka maye gurbinta da jira: ranar da aka fara fitar da amsa a watan Mayun 2018, kusan rabin masu nema sama da dubu 800 ba su ga komai ba sai kalmar dakata. Abin lura shi ne gyaran da matsin lamba ya tilasta daga baya. Mai jira na ganin lambarsa a jeri, yana ganin tsawon jerin, yana kuma ganin lambar mutum na ƙarshe da aka ɗauka bara, ta yadda zai iya yanke shawara da idonsa buɗe. Kuma a ranar 3 ga Afrilu 2020, bisa ƙarar da ƙungiyar ɗalibai ta UNEF ta kai, kotun tsarin mulkin Faransa ta hukunta cewa dole jami'o'i su bayyana ma'aunan da suka yi amfani da su wajen tantance takardu. Ba kyauta aka ba ɗalibai wannan ba, ƙwatarsa suka yi.

Akwai wani amfani ɗaya na gwanjo da ko maƙiyansa ya kamata su yarda da shi, shi ne kuma wanda hukumomin jami'a suka fi kau da kai gare shi. Farashi ba ya ƙarya. In darasi ɗaya ya cinye rabin jarin ɗalibi bana, ya cinye baɗi, ya cinye baɗin baɗaɗa, to ɗalibai sun yi magana da babbar murya: a buɗe aji na biyu, a ɗauki wani malami, a nemo ɗaki mafi girma. Ɗan kasuwar da ya ga kaya na ƙarewa kamin azahar kullum, oda yake ƙarawa. Jami'a kuwa sau da yawa sai ta bar farashin ya yi ta hawa, domin gwanjo ya sauke mata nauyi: wanda ya rasa kujera ba zai zargi shugaban jami'a ba, kansa zai zarga, ya ce bai iya tayi ba. Wannan ita ce babbar illar tsarin, fiye da baranda. Ƙarancin da hukuma ce ta haifar da shi, ko ta kasa magance shi, ya koma laifin yaro ɗan shekara ashirin. Ba wani lissafi, komai gwanintarsa, da zai mayar da kujera sittin ta zama ɗari uku. Iyakarsa ya zaɓi waɗanda za su yi kuka.

Mai karatu a Damagaram ko Tawa na iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce, tun da a nan damuwar ita ce a sami benci a anfi tukuna. Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Tsarin LMD na lisans da mastar da doktora, wanda jami'o'in ƙasashen CAMES suka runguma, ya zo da zangon karatu da ƙididdigar maki da darussan zaɓi, kuma duk inda aka ce zaɓi, wata rana masu so za su fi kujeru. Jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram da aka kafa a 2010, da na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi da suka biyo a 2014, sun rage wa ta Abdou Moumouni nauyi, amma masu cin bak ba raguwa suke yi ba, kuma gurbin mastar ko na fannin likita ba ya isar kowa. Ga kuma ɗiyan ƴan kasuwa da na ma'aikata da ake turawa waje da guminsu, waɗanda ke faɗawa cikin irin wannan ciniki makon farko ba wanda ya yi musu kashedi. Uban da ke da yaro a irin waɗannan makarantu, kamin ya tambaye shi ko abinci ya karɓe shi, ya tambaye shi ko ya nemi farashin bara wajen waɗanda suka riga shi, ko kuma ya san ranar ƙarshe ta janyewa.

Ranar da wani kamfani zai zo wa magabatan ilimi mai zurfi da na'urar rijista yana cewa ita ce ta zamani, ƙungiyoyin ɗalibai da na malamai da iyaye suna da abin tambaya kamin a sa hannu. A bayyana adadin kujerun kowane darasi kamin a buɗe rijista, ba bayan an rufe ba. A hana sayar da gurbi ko musayarsa da wani abu. A tabbatar wanda darasi ya zame wa dole don ya ƙare karatu ba ya takara da mai sha'awa kawai. A liƙa jerin masu jira da lambobi a allon fakilte, inda mai waya da marar waya za su gani, kuma duk wanda aka ɗaga daga lamba ta arba'in zuwa ta uku, a rubuta dalili da sunan wanda ya sa hannu.